Kwana Uku a Jikin Baƙar Fijo

"Ba zan shafa ba, Alhaji," na ce.

Alhaji Yero ya dube ni, sannan ya dubi gwangwanin kananzir ɗin da direbansa Solomon ke miƙo mini, kamar yana so ya tabbatar wanne daga cikinmu ya yi maganar.

"Me kika ce, 'yar Shekari?"

"Na ce ba zan shafa wa motar nan kananzir ba, ranka ya daɗe. Yau za ta yi ƙyalli, gobe ta kwashi ƙura, jibi a ga ta fi da muni. Ka ba ni zuwa Asabar in goge ta yadda ake gogewa."

Ranar Laraba ce da hantsi, a garejin Alhaji da ke bakin babban titi a Birnin Gwari. Shekarar ce aka koma tuƙi ta hannun dama. Masu hali a Kaduna suna ta rabuwa da tsofaffin motocinsu masu sitiyari a dama, Alhaji kuwa yana kwaso su, a ɗan gyara, ya sayar wa 'yan kasuwar karkara. Wadda muke tsaye a kanta baƙar Fijo ce, ko in ce a takarda baƙa ce. A ido ta yi furu-furu kamar ƙafar da ta yi wata ba ta ga mai ba. An riga an gama cinikinta da wata Hajiya Fatsuma, mai fataucin masara da dawa a Kuyello, kuma ranar Asabar da safe za ta zo ɗauka.

Dabarar kananzir duk direban titin nan ya san ta. A zuba kaɗan a ruwa, a jiƙa tsumma, a bi jikin mota. Kafin ka sha kofin shayi mataccen fenti ya tashi yana walƙiya. Kafin mai saye ya kai gida kuma ya sake kwantawa.

"Injiniya ta yi magana, Alhaji," in ji Solomon. "A makarantarsu an koya musu kananzir zunubi ne."

"A makarantarmu an koya mana wanke hannu kafin a taɓa kayan mutane," na ce. "Dubi naka."

Ya dubi hannunsa, ya goge a wando.

Alhaji ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Da murmushi yake yanka. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Lidiya, ni wasiƙu na ɗauke ki ki rubuta mini, da cika takardun mota. Wasan nan da kike yi da tsumma, na ƙyale ne don malaminki Baba Wakili ya sa baki. To, ga Asabar nan tafe. In ranar ta zo na ga abin da bai yi mini ba, kin bar tebur, kin bar rumfa. Kin ji ko?"

"Na ji."

"Madalla."

Ya shiga wata motar, Solomon ya ja shi suka tafi.

Ni ce mace ta farko daga ƙauyenmu a Kazage da ta gama aji biyar na sakandare, kuma ban taɓa barin kowa ya manta ba. Da na dawo daga makarantar mishan, babana Shekari ya roƙi Alhaji ya ba ni tebur, ina zaune gidan goggona a cikin gari. Teburin ba laifi. Sai dai wasiƙun Alhaji ba su wuce uku a mako, kuma duka ukun magana ɗaya suke yi. Tagar ofishin tana kallon rumfar da Baba Wakili ke aiki, ƙarƙashin wani tsohon maɗaci. Wata rana na ga ya kama ƙofar wata mota da kowa ya ce sai sabon fenti, ya yi ta murza faɗin faifai ɗaya da tsumma, har ganyen maɗacin ya fito a ciki ɗaya bayan ɗaya. Na rufe keken rubutu na fita. Wata huɗu ke nan ina koyo.

A duk Birnin Gwari babu wani wurin da ake wannan aikin, kuma babu wani mai koyarwa sai Baba. Matan unguwar goggona suna cewa boko ta ƙare a wankin mota. Ina gaishe su da kyau, in wuce.

Baba Wakili ya yi shekaru a wani garejin Turawa a Kaduna kafin sanyin ƙashi ya kama masa kafaɗar dama. Yanzu zama yake yi a kan tsohuwar kujerar mota, da goro a kunci da doguwar sanda a hannu, yana nuni.

"Malama," ya ce da ni bayan tafiyar Alhaji, "kin iya ɗauko kaya. To ni kafaɗata ta yi ritaya. Sai dai in ba ki baki."

"Bakin ya isa, Baba."

"Za mu gani. Ɗauko bokiti."

Ranar Laraba kaf a wanki ta tafi. Dokar Baba ta farko ita ce ba a taɓa busasshiyar mota da busasshen tsumma. Jar ƙurar hanyoyinmu yashi ce, in ka murza ta a jikin fenti kai da mai karce shi da gangan ɗaya kuke. Sai ruwa ya kwashe ta tukuna. Rijiyar gareji kuwa ta ja baya, Alhaji ya ce ta sha ce da alwala. Don haka rafi na yi ta zuwa. A kafaɗa nake ɗauko ruwan, yadda uwata ke yi, yadda duk matan ƙauyenmu ke yi.

Solomon ya dawo ya same ni a sawu na tara. Ya jingina da maɗaci yana cin rake.

"Ashe boko ba ta hana kafaɗa."

"Ba ta hana. Kai me ya hana ka?"

"Ni direba ne. Hannuna na sitiyari ne."

"Shi ya sa ka bi da motar nan cikin sarƙaƙiya?"

Ya daina tauna. Kowa a gareji ya san labarin ban da Alhaji. Ranar da aka aike shi ɗauko motar daga Kaduna, ya ratse cikin daji ta hanyar masu yankan katako, wai akwai wani Bafillace mai zuma mai kyau. Ya dawo da zuma kwalba biyu, motar kuma ta dawo da zanen ƙaya tun daga fitila har but ɗin baya.

"Zumar ai kin sha," ya ce.

"Na sha. Da daɗi. Matsa mini."

Da na gama wankin sai ainihin ciwon motar ya bayyana. Kashin jemage ya ci rufin, ƙaro ya ɗiɗɗiga a bonet ya bushe, ga zanen ƙaya, ga kuma wasu siraran zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, aikin wani mai wanki da bai san dokar Baba ba. Baba ya tashi da ƙyar, ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya da farcensa.

"Wanda farce ya wuce sumul, namu ne, zai fita. Wanda farce ya maƙale, ya yi zurfi, ba namu ba ne."

Duk ya wuce sumul sai ɗaya. A madigadin gaba na hagu, daidai inda ƙarfen ya tanƙwara ya yi doro, akwai wani tsawon ɗan yatsa. Farcen Baba ya tsaya a ciki.

"Kin ji? Wannan ki shafa masa kaki ki bar shi. Ga zurfi, ga shi a doro. Fenti a doro ɓawon albasa ne."

"Ko kaɗan ba za a rage shi ba?"

"Malama, ba ƙara wa mota komai muke yi ba. Cirewa muke yi. Abin da kika cire kuma ya tafi ke nan."

Alhamis na fara gugar. Muka tura motar cikin inuwa sosai, don a kan ƙarfe mai zafi man gogewa bushewa yake yi ya kama. Man iri biyu ne a gwangwanayen da Baba ke ɓoyewa a akwatinsa. Na farko mai kaushi ne, kamar an dama laushin yashi a man kaɗe, shi ke cin mataccen fentin da ke sama. Na biyu mai laushi, shi ke share sawun na farko. Daga ƙarshe a bi da kaki. Ana ɗaukar faɗin faifai, ba a wuce shi sai ya gama. Tafin hannu a shimfiɗe, ba kan yatsu ba. Gaba da baya, a miƙe, ba zagaye ba.

Faifan farko, tsumman ya yi baƙi ƙirin.

"Baba, fentin yana biyo ni."

"Gawar ce ke tashi. Juya tsumma."

Faifai nawa ne a jikin Fijo? Ban taɓa tambayar kaina ba sai ranar. Kafin azahar kafaɗuna sun fara magana. Kafin la'asar sun daina magana sun koma ihu. Gefen babban yatsana ya sale, man ya shiga ciki yana cizo kamar barkono. Na yage bakin tsumma na ɗaure, na ci gaba. Duk lokacin da na fara ha'inci, na faɗaɗa faifan ko na sassauta hannu, sai in ji sandar Baba ta ƙwanƙwasa taya sau biyu.

"Wannan ba guga ba ce, gaisuwa ce. Koma."

Direbobin manyan motoci da ke tsayawa shan ruwa suka fara taruwa. Ba su taɓa ganin mace a jikin mota ba sai dai a cikinta. Wani ya ce in na gama in zo in goge masa tasa, zai aure ni. Na ce ya fara wanke tasa fuskar mu ga launinta. Abokansa suka yi masa ca, ya koma motarsa ya zauna.

Wajen ƙarfe biyar na gama ƙofar direba, na ja baya don in miƙe ƙugu. Sai na ga wata yarinya a cikin ƙofar, ɗankwali a karkace, baƙin mai a goshi, maɗaci a bayanta da wani tsoho a zaune. Na daɗe ina kallonta. Ba ta yi kyau ba ko kaɗan, amma ta fito tar, har zaren da ya zare a wuyan rigarta.

"To," in ji Baba. Daga bakinsa wannan babban yabo ne.

Da na je gida goggona ta ba ni tuwo, na kasa kai loma baki sai da na sunkuyar da kai na tarye ta a hanya. Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta gasa mini kafaɗu da ruwan zafi tana cewa takardar sakandare dai ta ga ta kanta.

Juma'a da safe hannuwana suka ƙi buɗewa sai da na tsoma su a ruwan ɗumi. Duk da haka kafin rana ta take na gama rufi, na gama but, na bi ko'ina da mai laushi. Motar ta koma baƙa ta gaske, irin baƙin da ido ke faɗawa ciki. Zanen ƙaya duk sun tafi. Saura ɗaya.

Matsalar ita ce, da motar tana furu-furu ba wanda zai lura da shi. Yanzu da komai ya yi sumul, shi kaɗai ido ke gani. Duk inda na tsaya yana kallona.

Aka kira sallar Juma'a. Baba ya ɗauki buzunsa, Alhaji ya fito da babbar riga, suka tafi masallaci. Solomon ya tafi neman abinci. Gareji ya rage daga ni sai motar.

Na zagaya ta sau biyu. Na ce wa kaina Baba tsoho ne, tsofaffi kuwa tsoro ya yi musu yawa. Na ce ni na karanta kimiyya, na san ba sai an kai gindin zanen ba, bakinsa kawai za a kwantar yadda haske ba zai kama shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Na buɗe akwatin Baba na ɗauko samfefa mai laushi, na jiƙa shi a ruwan sabulu yadda na ga yana yi. Shi a jikin ɗan katako yake naɗe shi don ya kwanta daidai. Ni na ga wurin ƙarami ne, katako zai yi girma, sai na naɗe a yatsu biyu.

Na murza sau biyar, na share. Zanen ya ragu. Wallahi ya ragu. Na yi murmushi ni kaɗai, har na fara shirya abin da zan ce wa Baba. Na murza sau biyar kuma. Ruwan da ke gangarowa baƙi ne, haka ya kamata. Na ƙara uku. Sai ruwan ya koma ruwan toka.

Na share da sauri. A kan doron, gefen zanen, ga wani tabo mai launin toka kamar ɓarin goro. Na cinye baƙin fentin, na kai ga shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. Zanen kuma yana nan, ya ratsa tsakiyar tabon abinsa.

Na shafa mai laushi, ba abin da ya canja. Na shafa kaki, tabon ya yi ƙyalli, ya ƙara fitowa. Na zauna a kan bokiti na jira a sauko daga masallaci.

Baba ne ya fara dawowa. Bai ko ajiye buzun ba. Ya sunkuya, ya duba, ya dubi samfefan da ke cikin ruwa, ya dubi yatsuna biyu.

"Kin kai ƙasa."

"Na kai. Ana iya gyarawa?"

"Ana iyawa. A Kaduna, da injin feshi, da kwana huɗu."

Ya koma kujerarsa ya ɓare goro. Na jira faɗan, bai zo ba.

"Baba, ba za ka ce komai ba?"

"In ce me? Na riga na faɗa shekaranjiya. Ni nawa na farko a motar wani Bature ne, a tsakiyar bonet, faɗin tafin hannu. Na bar bokiti a wurin na gudu Zariya, sati biyu ina gidan kawuna. Ke ga ki a zaune. Kin fi ni."

Da Alhaji ya iso, ya tsaya cak a bakin rumfa. Ya bi jikin motar a hankali, hannu a baya. Ya leƙa fuskarsa a ƙofa ya gyara karin hula. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan ita ce motar da Solomon ya kawo?" Ta ɓangaren dama ya bi, bai ga komai ba, har ya juya zai shiga ofis.

"Alhaji, akwai abin da ba ka gani ba," na ce. Na kai shi na nuna masa. "Ni na yi. Baba ya hana ni, na ƙi ji."

Ya duba, ya tsotsi haƙori. Sannan fuskarsa ta saki.

"Wannan ai ba komai ba ne. Solomon, duba aljihun tebur ka kawo man takalmi, baƙin."

Solomon ya kawo, Alhaji ya karɓa ya miƙo mini.

"Shafa."

"Alhaji, wankin farko zai tafi. Gara a gaya mata."

"Ke dai ba a miƙo miki gwangwani ki karɓa. Solomon, shafa."

Solomon ya naɗe tsumma a yatsa, ya lakato, ya ɗan tofa yawu, ya murza a hankali kamar mai shirin faretin soja. A ba shi haƙƙinsa, ya iya. Tabon ya ɓace. Ni da na yi shi sai da na sunkuya kafin in gane wurin.

"Injiniya, wannan darasin kyauta ne," ya ce.

Da aka tashi, Baba ya ce in rako shi zuwa kwanar gidansa. Muna tafe yana dogara sanda.

"Malama, gobe ki tsaya bayan rumfa. Kin nuna wa mai mota, kin fita. Motarsa ce, bakinsa ne. Shiru ba ƙarya ba ne."

"In ta gano daga baya fa?"

"Ta zo ta same shi. Shi ya san yadda zai yi da ita. Ke saura wata shida hannunki ya nuna. Kada ki zubar a kan ɓarin goro."

Na ce to. Kuma da gaske na ce. Ina son rumfar nan, ina son warin kakin, ina son lokacin da tsumma ke daina ja ya fara sulɓi. Na kwana da niyyar yin shiru.

Asabar da hantsi wata motar hatsi ta tsaya a bakin gareji, Hajiya Fatsuma ta sauko daga gidan gaba da direbanta a baya. Doguwa ce, mai jiki, da haƙorin Makka da laima. Direbobin da suka ga farkon aikin ranar Alhamis sun dawo ganin ƙarshensa, har da waɗanda aka ba labari. Ni ina bayan rumfa ina wanke tsummoki, kamar yadda aka ce.

Hajiya ba ta dubi fenti ba da farko. But ta sa aka buɗe, ta tambayi buhu nawa zai ci. Ta zauna a kujerar baya ta yi ɗan tsalle ta ji ƙarfinta. Ta sa direbanta ya tayar da injin, ta karkata kunne. Sai da ta gama duk wannan ta fito ta ja baya, ta kare ido da laima.

"Alhaji Yero, ƙyallin nan ya yi yawa. Ba irin taku kuka yi mini ba ko? An taɓa sayar wa mijin ƙanwata mota tana walƙiya, ruwan farko ta koma launin jaki."

"Haba Hajiya. Wannan guga ce ta hannu, kwana uku. Ba abin da aka shafa, ba abin da aka rufe." Ya waiga yana murmushi. A ganina, daɗin ranar ne ya ɗebe shi. "Ga ma wadda ta yi aikin. 'Yar mishan ce, ta yi aji biyar, su ba su iya ƙarya ba. Lidiya, zo nan."

Na zo da jiƙaƙƙen tsumma a hannu.

"Gaya wa Hajiya. Akwai wani abu da aka rufe a jikin motar nan?"

Na dubi Baba. Ya duƙufa yana nazarin goron hannunsa kamar yau ya fara ganin goro. Solomon yana kallon sama. Alhaji yana murmushi, yana jira.

Shiru na yi alkawari. Ban yi alkawarin a'a ba.

"Akwai, Hajiya," na ce. "Ina kwana. Zo ki gani."

Na kai ta madigadin hagu, na sa tsumman sabulun na murza sau uku. Baƙin ya biyo tsumma, tokar ta fito.

Hajiya ta ba direbanta laima, ta dafa gwiwa ta sunkuya. Ta daɗe tana nema.

"Ina?"

"Nan."

"Wannan?" Ta miƙe ta fashe da dariya, haƙorin yana walƙiya. "'Yar nan, kin taɓa bin hanyar Kuyello? Kafin Lahadi za ta yi mata goma irinsa, da ƙanne. Wa ya yi?"

"Ni ce. Na wuce inda aka ce in tsaya."

"Wa ya rufe?"

Na dubi tsumman da ke hannuna. Hajiya ta karɓi tsumman daga hannuna ta sansana, sannan ta juya a hankali.

"Alhaji Yero. Da girmanka, da zuwanka Makka, da man takalmi?"

Wani daga cikin direbobin ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Sauran suka biyo shi. Alhaji ma ya yi dariya, ya ce aikin yara ne, bai sani ba. Hajiya ta ce ai haka ne, manya ba su taɓa sani ba. Ta karɓi makulli da takardun da na cika da hannuna, ta shiga baya ta zauna. Da za su tashi ta sauke gilashi.

"'Yar nan, hannunki na da kyau. Bakin ne dai sai a hankali."

Suka hau titi. Motar ta yi kyau a rana, na bi ta da kallo har ta ɓace.

Alhaji ya jira direbobin suka watse, suna tafe suna maimaita maganar man takalmi. Na san kafin magariba ta kai Funtuwa. Sannan ya kira ni, a nan tsakar gareji, murya ƙasa-ƙasa.

"Lidiya, tun da na buɗe wurin nan mota ba ta taɓa fita da kyau irin wannan ba. Ki ajiye makullin ofis a kan tebur. Ki gaida mini Shekari."

"Kai ka tambaye ni, Alhaji."

"Na tambaye ki. Na ɗauka kin san irin tambayar."

Ya shiga ofis. Na bi shi na ajiye makullin, na rufe keken rubutu da mayafinsa, na ɗauki jakata. A waje Solomon yana tsaye yana wasa da murfin gwangwani.

"Injiniya, da tari kawai kika yi. Ni da na ce ƙura ce ta shaƙe ki."

"Da ka faɗa tun jiya."

"Ai ban san Alhaji zai kira shaida ba." Ya sosa ƙeya. "Sauran zumar nan, in kawo miki gidan goggo?"

"Ka sha abarka. Ka dai daina ratse."

Na je na durƙusa gaban Baba na yi masa sallama. Ya ɗago ya dube ni.

"Na ce ki tsaya bayan rumfa."

"A can nake, Baba. Kirana aka yi."

"Ai da kin ƙara nisa."

Ya sa mini albarka, ya ce in riƙa shafa man kaɗe a yatsan kada ya yi ruwa. Bai ce zai yi wa Alhaji magana ba, ni ma ban roƙa ba. Yana da iyali, kuma rumfar ba tasa ba ce.

Na koma Kazage a bayan motar hatsi. Babana ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce na yi daidai, sannan ya yi kwana uku ba ya yi mini magana, don shi ya je ya roƙi teburin. Na rubuta wa gareji huɗu a Kaduna, da Turanci mai kyau. Ɗaya ne ya amsa, ya ce ba su da wurin mace. Damina biyu na yi ina noman dawa da uwata kafin a ɗauke ni koyarwa a firamare.

In aka sake kirana a gaban Hajiya, amsar nan dai zan bayar. Amma ba kyauta na ba da ita ba. Na rasa aikin, na rasa malamin, na tsaya da rabin sana'a. Baba Wakili ya rasu a shekara ta uku, ban ƙara zama a rumfarsa ko sau ɗaya ba, kuma ba a sake ba ni wata mota na goge ba.